Keke da mota a ƙuntatacciyar hanya: yadda ake wuce juna lafiya a hanyoyin Adar

Duk wanda ya saba bin hanyar Tawa zuwa Ƙonni, ko ya ɗauki ta Keita da sassafe, ya san wannan haɗuwar: mai keke yana gaba da bido biyu na ruwa a kariya, mota ta taso masa daga baya, wata kuma tana tahowa daga gaba, ga hanya ba ta da faɗin da za ta ɗauki su ukun a jere. A cikin daƙiƙa huɗu ko biyar ake raba gardama. Yawancin haɗarin da ke faruwa a irin wannan wuri tun daga nesa aka shuka shi, lokacin da direba ya ga keke bai ɗaga ƙafa daga kan totur ba, ko mai keke ya ji ƙugin mota bai yanke shawarar inda zai bi ba.

A fara da awo, domin shi ke kashe musu. Kwaltar da ke haɗa garuruwanmu faɗinta yakan kasance mita 6 zuwa 7, wato kowane hannu mita 3 zuwa 3 da rabi, in bakinta bai ci ba. Kamyo, wato babbar motar kaya, yana da faɗin mita 2 da rabi, ban da madubai da kayan da suka leƙo gefe. Ƙaramar mota kusan mita 1.8. Keke kuwa hannunsa santimita 60 ne kawai, amma da an rataya masa bido a kowane gefe ya kai mita guda, in an gitta masa kara ko itace ya haura mita ɗaya da rabi. Kuma keke ba ya tafiya a kan zare, yana ɗan karkata nan da can, musamman a hawa ko in kaya sun yi nauyi. Bido biyu na lita 25 kilo 50 ke nan a kan ƙafar baya.

Dokar hanya ta Faransa ta ɗora wa direba barin tazarar mita 1 tsakaninsa da keke a cikin gari, mita 1.5 a bayan gari. Awo ne mai ma'ana, ya kamata kowane direba a nan ya riƙe shi. To a haɗa lissafi: rabin mita daga bakin kwalta zuwa keke, mita guda na keke da kayansa, mita ɗaya da rabi na tazara, sannan faɗin motar. An kusa mita 5. Ma'ana, babu yadda za a wuce keke yadda ya dace ba tare da an shiga hannun masu tahowa ba. Wuce keke daidai yake da wuce mota: in hannun hagu ba a buɗe yake ba, ba a wucewa.

Abin da ke kan direba

Nauyi ya fi yawa a kan mai mota, domin shi ke cikin ƙarfe, wancan kuwa jikinsa ne kawai. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙafa ta kai kan birki, daƙiƙa guda ta tafi. Kafin motar ta tsaya cak a busasshiyar kwalta da taya mai kyau, an ci kusan mita 70. In gudu ya ninka biyu, tazarar birki ninkawa huɗu take yi. Kamyon da ya sha buhunan albasa daga Galmi, ko motar kasuwa da aka loda har sama, tasu tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi tsakanin gudun kilomita 50 da 65. Kilomita 15 kacal ke tsakani.

Saboda haka aikin yana farawa tun keke yana mita 150 zuwa 200 a gabanka. Ɗaga ƙafa. Sai ka duba wuri uku: can gaba, ko akwai mai tahowa, madubi, ko wani ya riga ya fito zai wuce ka, sannan bakin hanyar da ke gaban mai keken. Na ukun nan shi direbobi suka fi mantawa. In ka hango rami, ko yashi ya hau kwalta, ko akuya tana kiwo a gefe, ka san cewa zai kauce, kuma wajenka zai kauto. Ka karanta masa hanya kafin ya kai wurin.

Oda tana da ladabinta. Taɓa ta gajere sau biyu tun kana nesa, kamar mita 80 zuwa 100, sallama ce: ina bayanka. Danna ta da tsawo bayan ka iso ƙeyarsa kuwa firgitarwa ce, kuma tana jawo abin da ake gudu. Mutum in ya waiwaya ta kafaɗar hagu, hannunsa na bin kansa, keke ya karkata hagu, wato cikin hanyar motar. Yaro ɗan makaranta ko dattijo mai kaya sun fi kowa yin haka. Oda kuma ba ta sayen hanya. In ka busa bai kauce ba, wataƙila iska ce ta hana shi ji, wataƙila kuma ya ga abin da ba ka gani ba a bakin kwalta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

In gaba a buɗe take, kunna sigina ta hagu, ka fita sosai, ƙafafun motar su tsallake tsakiyar hanya. Gudunka a daidai lokacin da kake kusa da shi kada ya wuce 50, in hanyar ta matse ko keken na ɗauke da yaro a baya, ka sauko 30. Buɗaɗɗiyar hanya nawa ake bukata? Mota mai gudun 50 da ke wuce keke mai gudun 15 tana ɗaukar kamar daƙiƙa 3 zuwa 4 a hannun hagu. A wannan lokacin ita ta ci kusan mita 55, mai tahowa da gudun 90 ya ci kusan 100. Don haka in ba ka ganin mita 200 babu kowa, ka dakata. Babbar mota tana bukatar fiye da haka sosai.

Kada ka koma hannunka sai ka ga keken gaba ɗayansa a madubi. Wannan ya fi shafar masu kamyo da tirela da bas. Direba yakan ji ya wuce da zarar kan motar ya wuce, alhali jelarta mai mita goma sha wani abu tana nan kafaɗa da kafaɗa da mutum. A kwana kuma ƙafafun baya ba sa bin sawun na gaba, suna yanke ta ciki. Akwai kuma iskar babbar mota: gabanta yana tura mai keke waje, gefenta da bayanta su jawo shi ciki. Yawan gudu da ƙarancin tazara ke ƙara mata ƙarfi. Yaron mota da ke zaune a hannun dama yana da amfani a nan, ya leƙa ya ce wa maigidansa an wuce ko ba a wuce ba.

In kuwa akwai mai tahowa, magana ɗaya ce: ka zauna a bayan keken, da tazarar tsawon mota uku, har hanya ta buɗe. Kada ka manne masa kana ƙara wuta, yana jin injin a bayansa sai hannunsa ya fara rawa. Bin keke mai gudun 15 na tsawon mita 100 daƙiƙa 24 ne. A tafiyar Tawa zuwa Yamai wannan ba ya ko shiga lissafi, sauri kuwa an ce ya haifi nawa.

Ƙasar Adar ƙasar duwatsu ce da gangara, kuma akwai wuraren da ba a wucewa ko da hanya ta yi kamar babu kowa: kwanar da ba a ganin ƙarshenta, gab da ƙolin tudu, kan gada ko radiye (shimfiɗar siminti da ke tsallake ƙorama), mashigar gari, da bakin kasuwa. Ranar Lahadi, kasuwar Tawa, hanyoyin da ke shigowa gari cike suke da keke da amalanke da jakuna tun da hantsi. Haka nan kada ka wuce keke sannan nan take ka karya dama ka shiga wata hanya ko ka tsaya ɗaukar fasinja. Ka rufe masa gaba ke nan, birkinsa kuma ba irin naka ba ne.

Abin da ke kan mai keke

Babban abin da direba ke nema wajen mai keke shi ne ya iya sanin abin da zai yi. Ka bi hannun dama, fuskarka inda motoci suka fuskanta. Mutane da yawa suna bin hagu da tunanin gara su ga motar da ido. Lissafi bai goyi bayansu ba. Mota mai gudun 80 da ta biyo keke mai gudun 15 tana cim masa da bambancin 65. In gaba da gaba ne, 95. Lokacin kaucewa ya ragu, ƙarfin karo ya ƙaru, kuma direban ba shi da zaɓin rage gudu ya bi ka a baya.

Kada ka manne da bakin kwalta. Nan ne yashi da tsakuwa da fasassun kwalabe da ƙaya suke taruwa, nan ne kuma kwalta ke gutsurewa. Bar rabin mita zuwa mita guda tsakaninka da baki, don ka sami wurin kaucewa ta dama in bukata ta taso. Wanda ya lafe a baki kuma kamar yana gayyatar direba ne ya kutsa ta ɗan wurin da ya rage. Riƙe layi ɗaya. In akwai rami a gaba, ka waiwaya tun da sauran nisa, ka miƙa hannu, ka fita a hankali. In mota ta riga ta iso, ka ja birki ka bar ta ta wuce, ramin ba gudu zai yi ba. Waiwaye ma koyonsa ake yi: sami fili babu mota, ka riƙa duba baya kana ƙoƙarin kada keken ya bar layinsa, har hannu ya daina bin kai. Ƙaramin madubi a hannun hagu yana sauƙaƙa wannan sosai.

Sauka daga kwalta shi ne wurin da aka fi faɗuwa, don haka a tsaya a kansa. A wurare da yawa ruwa da ƙafafun manyan motoci sun cinye gefen hanya, kwalta ta zama kamar dakali, tsawon yatsa ko ma taƙi guda sama da ƙasa. In ka ga manyan motoci biyu za su haɗu a daidai inda kake, ko bas ya taho bai da niyyar ragewa, sauka ka ba su wuri. Gaskiyarka ce ka zauna a hanya, amma ba a jayayya da tan talatin. Sai dai a sauka da wuri, kuma da dabara. Rage gudu tun kana kan kwalta. Juya kan keken ya fuskanci bakin sosai, kada ka goge shi a kaikaice, domin in taya ta zame a gefen dakalin, cikin hanya za ta kayar da kai. Da ka taɓa yashi, mayar da nauyinka baya, ka saki birkin gaba, domin yashi na kama ƙafar gaba ya jefa mutum ta saman hannu. In yashin mai zurfi ne, sa ƙafa ƙasa ka tsaya.

Komawa kan kwalta ya fi sauka haɗari. Kada ka yi ƙoƙarin hawa kana tafiya a jere da bakin. Tsaya, duba baya, ka tabbata babu wata motar a bayan wadda ta wuce, sannan ka hau a miƙe ko ka tura keken da hannu. Manyan motoci sau da yawa a jere suke tafiya, ƙarar ta farko kuma tana rufe ta biyu.

Kaya a ɗaure su a tsaye da keken, tsawonsu ya bi tsawonsa. Kara, itace, ƙarfen gini ko tabarma da aka gitta su ne madubin mota ke kamawa. In dole sai sun leƙo, ɗaura jan ƙyalle a ƙarshensu. Bido su zama biyu masu nauyi ɗaya, kuma a cika su, domin ruwan da bai cika ba yana kaɗawa ya ja keken gefe. Igiyar roba a duba ta kafin a tashi, guntun da ke lilo yakan shiga cikin wayoyin taya.

Tufafi ma suna da nasu. Rawani yana kare ƙura da rana, amma in an naɗa shi ya rufe kunne da gefen ido, ba za ka ji mota ba sai ta iso. Sassauta shi ta wajen kunnen hagu. Bakin babbar riga, zane ko dogon hijabi a tattare shi kada sarƙa ta kama. Abin sauraren waya a kunne kuwa ba shi da wuri a kan babbar hanya.

'Yan makaranta da masu zuwa kasuwa sukan tafi a ayari. Hira a jere biyu ko uku tana da daɗi in hanya shiru, amma da an ji mota a koma layi ɗaya, kuma kowa ya bi gefe ɗaya. Mafi muni shi ne ayari ya tsage, wasu dama wasu hagu, direba ya rasa inda zai sa motar. In kun fi biyar, ku rabu kashi biyu da tazarar da mota za ta iya shiga tsakani, don ta wuce ku a mataki biyu. Na ƙarshe a layi shi ke da alhakin faɗa da ƙarfi cewa ga mota.

Birki kuma a riƙa dubawa. Robar birki in ta cinye a sauya, wayarsa in ta saki a ɗaure. Tsayar da keke da takalmi a gangaren Adar, da kaya a baya, ba ya yiwuwa.

Burji, ƙura da dare

A hanyar burji komai yana ƙara tsanani. Gargada tana sa direbobi su ƙara gudu don motar ta daina jijjiga, a wannan gudun kuwa taya ba ta riƙe ƙasa sosai, birki ya yi tsawo, tsakuwa na tashi kamar an harba. Mai keke shi kuma yana neman ɗan layin da ya yi laushi, wanda ba lallai ya kasance a gefe ba. Direba ya sauko 30 ko ƙasa da haka tun kafin ya iso, ya ci gaba da tafiya a hankali har ya ba da tazara, sannan ya ƙara wuta. Wanda ya rage a daidai kafaɗar mutum ya taka wuta nan take, ya bar shi cikin jan gajimare yana tari, bai yi masa komai ba. Mai keke kuwa in ƙura ta rufe shi, ya fita daga hanya gaba ɗaya ya tsaya har ta lafa, domin direban da ke biye ba ya ganin komai a cikinta.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo yana rage gani, a kunna fitila ko da rana. A hanyoyin da suka miƙe gabas da yamma, irin babbar hanyar da ta bi ta Ƙonni zuwa Madawa, rana tana shiga idon direba da safe in ya nufi gabas, da la'asar sakaliya in ya nufi yamma. Mai keke ya lura da inuwarsa: in ta miƙe a bayansa, to direban da ke biye da shi rana yake kallo, wataƙila bai gan shi ba sam. Da damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba, ruwa kan kwashe yashi ya zuba a kan radiye, kududdufi ya ɓoye rami. A irin wurin nan a bar keke ya fara tsallakewa, a kuma kiyaye watsa masa ruwa.

Tsakanin magariba da isha'i ne lokaci mafi wuya, masu dawowa daga gona da kasuwa sun cika hanya, ido bai gama sabawa da duhu ba. Keke yana bukatar farar fitila a gaba, ja a baya. In babu, a ɗaura tocila a gaba tana kallon ƙasa kaɗan, a manna abin da ke ƙyalli in haske ya taɓa shi a bayan kariya da kan feda. Na feda ya fi saurin jan ido saboda yana motsi. Farar riga ta fi baƙa nesa. Direba in ya hango keke yana tahowa ya sauke babbar fitila zuwa ƙarama, wadda ake ce wa kod, domin wanda haske ya kashe wa ido ba ya ganin bakin kwalta. Mai keke kuma kada ya yarda da fitila ɗaya: sau da yawa abin da ya ɗauka babur ne mota ce mai ido ɗaya, sauran jikinta yana cikin duhu.

Hannu da baki

In mai keke ya hango gaba a buɗe ya yi wa direba hannu ya wuce, kirki ne, amma direba ya duba da idonsa kafin ya fita. In ya miƙa tafin hannu baya alamar dakata, a dakata, yana ganin bayan kwanar kafin kai. Wanda aka jira, ya ɗaga hannu in an wuce shi. Wanda aka sauka dominsa, ya taɓa oda sau ɗaya a hankali ko ya ɗaga yatsu daga kan sitiyari. A hanyoyin ƙauye fuskokin nan su ne dai za a sake haɗuwa da su gobe.

In akwai abin faɗa, a rage gudu a faɗe shi da girmamawa: "Baba, sannu da hanya, igiyar kayanka ta kwance." Shi kuma ya amsa: "Madalla ɗana, Allah ya kiyaye hanya." Yaro ma in ya yi ganganci, a tsaya gaba kaɗan a gefe a ja masa kunne da baki. Matse shi da mota don ya ji tsoro ya hankalta ya kashe 'ya'yan mutane.

In tsautsayi ya faɗa, direba ya tsaya, ya kunna fitilun haɗari, ya sa alama nesa da wurin ta gaba da ta baya don kada wata motar ta afka. A kira 18, masu kashe gobara da ceto, a sanar da jandarma mafi kusa. Wanda ya bugu a kai, ko yake kukan wuya ko baya, kada a ɗaga shi a zaunar, kada a ba shi ruwa. In dole sai an janye shi daga kan hanya, mutum uku ko huɗu su ɗauke shi a miƙe, ɗaya yana riƙe da kai daidai da jiki. Inda jini ke zuba a danne da tsabtataccen ƙyalle. Ko ya miƙe ya ce lafiya lau yake, a kai shi likita a duba, domin bugun kai da na ciki sukan ɓoye sai bayan awoyi.

Masu manyan motoci kuma, in mota ta lalace kuka jera rassan itace a hanya don gargaɗi, kuka sa duwatsu a ƙarƙashin taya, ku kwashe su duka kafin ku tashi. Dutsen da aka bari a bakin kwalta daidai yake kan layin da keke ke bi, kuma mai dawowa gida da dare ba ya ganinsa sai ƙafar gaba ta hau.